Muryar Ƙasa a Matakalar Karama

Mu huɗu ne, ba ganga ba garaya, sai baki. Duk Juma'a bayan la'asar mukan tsaya a matakalar benen da nake haya a unguwar Karama, can ƙasar waje inda muke ci-rani, tsakanin hawa na biyu da na uku, inda sauti ya fi amsawa. Wanda ya haɗa mu wani dattijo ne, Bahaushen Kumasi, mai aiki da injin yanka ƙarfe a wata masana'anta. Shi ya koya mana duwop, waƙar da samarin baƙar fata na Amurka suka fara a bakin titi tun kafin a haife ni. Ya ce ba su da kayan kiɗa, shi ya sa ɗaya yake jan baiti, sauran su yi kiɗan da bakinsu. A faifan mahaifinsa ya ji su yana yaro. Shi yake riƙe muryar ƙasa, wannan "dum, dum" da kowa yake dogara a kai. Ni ina tsakiya, kuma ba zan ɓoye ba, na daɗe ina kwaɗayin wurinsa.

A 2019 kunnensa ya fara nauyi. Ƙarar injin ce ta ci shi. Sai ya shigo kafin lokaci, ko ya zame ƙasa da inda muke, mu bi shi mu watse gaba ɗaya. Shi kuwa idonsa a rufe, yana murmushi. Sauran biyun, wani ma'aikacin jinya ɗan Zariya da wani akawu ɗan Maraɗi, suka ce ni zan gaya masa ya huta, tunda ni yake kira ɗansa. Na ce to.

Ban gaya masa ba. Baki gare ni kamar reza a ofis, amma a gaban tsohon nan ya mutu murus. Sai na mayar da haɗuwarmu Asabar, ranar da yake aiki, na karɓi muryar ƙasa. Abin da ya fi damuna shi ne waƙar ta gyaru, kuma na ji daɗi.

Ranar Alhamis ya kira ni. "Ɗana, gobe kamar kullum?"

"Baba, mun ɗan dakata. Ayyuka sun yi yawa."

"Khalas, shi ke nan, Allah ya taimaka," ya ce. Mako uku yana kira, ina maimaita ƙaryar. A na huɗu bai kira ba.

Bayan kwana biyu ya turo saƙon murya. Yana ɗakinsu na ma'aikata a unguwar Muhaisnah, ana jin ƙarar fanka. Ya rera muryar ƙasan waƙoƙinmu shida ɗaya bayan ɗaya, a hankali, duk a karkace. Da ya gama ya yi gyaran murya.

"Wannan na wanda zai tsaya a wurina ne. Idan kai ne, ɗana, kada ka yi sauri, kai kana da gaggawa."

Na saurara a tsaye a kicin. Har yau ban ba shi amsa ba.