Yaran Yaya Hajara da Bakin Gada

Bana shekara tara ke nan da muka kai Yaya Hajara makwancinta. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ta goya ni, shi ya sa har na fara furfura ba ta daina aikena ba. Malamar firamare ce a unguwarmu ta Kongo-Rasha a nan Jos. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi mata addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kuma na san abin da ke cushe a ƙarƙashin gadar unguwarmu.

Ga wanda bai san wurin ba, wani ɗan rafi ne ya gangaro daga kan duwatsu ya ratsa tsakiyar unguwa. Gidaje na zuba masa ruwan wanke-wanke, masu shaguna na watsa masa leda da robobi. A tsakiya akwai 'yar gada, ƙarƙashinta kwalbati ne da ruwa ke bi. Idan bakin kwalbatin ya toshe, ruwan sama ba shi da hanya, sai ya juyo baya ya faɗa wa gidajen da ke kusa. Gidan da yake fara samu shi ne na Mama Rifkatu, tsohuwar da muka tashi muna cin ƙosanta, wadda yanzu ciwon ƙafa ya zaunar a ɗaki.

A zamanin Yaya, da mangwaro ya fara nuna sai ta ce damina ta ƙaraso. Takan sa ranar Asabar, don kada wani ya kawo mata uzurin masallaci ko na coci, ta fito da 'yan aji biyar da 'yan aji shida su kwashe rafin. Ba ta yarda a fara da ko'ina ba sai ƙarƙashin gada. Cewarta, wanda ya fara share ƙofar gidansa maƙwabci kawai ya tura wa shara. Kuma baro ɗaya yara biyu ke tura shi, kowa da hannu ɗaya, ɗaya daga gidajen saman gada, ɗaya daga na ƙasanta. Na sha tsayawa ina ƙyalƙyala dariya, domin da sun fara musu baron zai karkace ya juye musu ƙazanta a ƙafa, dole su shirya su sake lodi. Ni nawa aikin a ranar bai wuce in ba da aron shebur da manjagara in yi ta mita ba, don ba a taɓa dawo mini da su da ƙotarsu lafiya ba. Idan an gama, Mama Rifkatu ta fito da tire cike da ƙosai, yaran su wanke hannu su yi masa rubdugu.

Sai rikice-rikicen nan suka zo, waɗanda duk mutumin Jos ya sani, ba sai na tono su ba. Mutane suka yi ta musayar gidaje. Musulmi muka tattaru a ɓangaren saman gada, Kiristoci suka koma ƙasanta, gadar da muke tsallakewa ba tare da mun lura ba ta zama iyaka. Mama Rifkatu kaɗai ta ƙi tashi daga ɓangarenmu, ta ce mijinta ne ya gina ɗakin da hannunsa. Yaya ba ta fasa aikinta ba. Gida-gida take bi a ɓangarorin biyu tana roƙon iyaye su ba ta aron 'ya'yansu na safiya ɗaya, wasu su ba ta, wasu su rufe mata ƙofa.

Wata shekara tsoro ya kama ni, na ce mata ta ƙyale yaran mutane, mu maza mu kwashe. Ta dube ni irin kallon da take yi wa ɗalibin da ya faɗi amsa ba daidai ba.

"Haba Sabo," ta ce. "Ƙarti da adda da diga a bakin gada? Kafin ku cika baro ɗaya an rufe kasuwa. A wurin nan yaro ne kaɗai zai ɗauki shebur ba a ce ya fito yaƙi ba."

Na ɗauka rigimarta ce ta malaman makaranta. Bayan rasuwarta muka gwada, mu magidanta da samarin layinmu. Ba mu yi nisa ba wani ya ɗauke mu hoto a waya ya tura, hoton ya zaga gari da labarin da ba namu ba. Kafin azahar shaguna sun rufe, masu a-daidaita-sahu sun ɓace daga titi, mata na gudu babu mayafi suna neman 'ya'yansu. Allah ya kiyaye ba a taɓa kowa ba, amma mun koma gida da shebur ɗinmu a ɓoye a bayan riga kamar ɓarayi. Tun daga ranar babu babban da ya sake sa ƙafa a ƙarƙashin gadar.

Kada mai karatu ya zaci yaran yanzu sun lalace. Wallahi ba su lalace ba. Aikin gayya a makarantu ma ƙaruwa ya yi. Har daga Rayfield nakan ga motocin makaranta sun kwaso yara da riguna iri ɗaya za su kai wa marayu kaya. Makarantar 'yata Ummi, autata, tana fitowa duk shekara da tsintsiya da safar hannu, su share rafin tun daga sama har su zo teburin mai shayi, jifa ɗaya kafin gada, malamai su ce a tsaya nan. Makarantar ƙasan gada ma tana fitowa, ina jiyo waƙoƙinsu, su share nasu har su hango gadar su juya. Kowane malami yana da gaskiyarsa, amanar 'ya'yan mutane ce a hannunsa. Sai dai duk abin da yaranmu suka tono suka sassauta, yayyafin farko ke kwashe shi ya kai bakin kwalbati ya jibge. Iya ƙoƙarin da suka yi, iya toshewar da wurin ke yi, su kuwa su koma gida da murna sun yi aikin lada.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya za ta ce da ta ga wannan. Na san ba za ta yi wa yaran faɗa ba. Mu za ta zagaya, ta zauna mana a zaure, ta ƙi shan ruwa har sai mun ji kunya.

Bara ruwa ya shiga ɗakin Mama Rifkatu da rana tsaka ya kai mata gwiwa, maƙwabta ne suka goyo ta suka fito da ita. Bana tarin sharar da ke bakin kwalbatin ya ninka. Akwai tsohuwar katifa a ciki, ciyawa ta tsiro a kansa, har akuya na gani tana kiwo a kai. Ummi ta tambaye ni ko zan bar ta ita da ƙawayenta su je su kwashe, tunda ta ji labarin gwaggonta. Na ce a'a. Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, tsoro nake ji. Ina tsoron dutse ɗaya daga hannun wani sakarai, ina tsoron in zama mutumin da 'yarsa ce sanadin tashin gari. Ina kuma tsoron ruwan nan, kuma na rasa wanne ya fi.

Abin da ya rage na Yaya bai taka kara ya karya ba a ido. Ba a sa wa ko aji ɗaya sunanta ba. Amma tausayin da ta shuka yana nan, har ya kai ga yaran da ba su taɓa ganinta ba. Abin da ya tafi da ita shi ne mutumin da iyayen sama da na ƙasa za su miƙa wa ɗansu su koma ɗaki hankali kwance.

Asabar ɗin da ta wuce Ummi da ƙawayenta suka zo suka roƙe ni ragowar bulon da ke bayan gidana. Tunda an hana su rafin, sun yanke shawarar ɗaga wa Mama Rifkatu gadonta. Na bi su. Muka ɗora ƙafafun gadon a kan bulo, suka rataye mata kayan sawa da Littafinta Mai Tsarki a ƙusa, suka share ɗakin tas. Shatin ruwan bara yana nan a bango, baƙi, ya zagaye ɗakin. Ta yi ta sa musu albarka da irin Hausarta.

"Malama ya tafi, amma ya bar mini jikoki," ta ce.

Da za mu fita ta kira ni, ta miƙo mini gawayi. Ta ce in rubuta mata lambar wayar ɗanta da ke Tudun Wada a jikin bango, don in wani abu ya faru wanda ya shigo ya san wanda zai kira. Na rubuta a saman shatin ruwan. Ta ɗaga kai ta duba, ta dubi taga inda gari ya fara duhu alhali la'asar ba ta yi ba.

"Sabo, goge," ta ce. "Hau kujera ka rubuta shi can kusa da kwanon rufi."