Ƙyallayen Malam Attahiru

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 13 ga Mayu, muna cikin aji aka aiko daga Kaura Namoda cewa Allah ya karɓi ranka, Malam Attahiru Jatau, malaminmu na aikin gona a garin Kasuwar Daji. Jinyar kwana shida kawai ka yi. Na ajiye alli, na rasa yadda zan kalli ɗalibanmu.

Ina tuna shekarar da gas ya yi tsada, gidaje suka jingine tukwanen gas ɗinsu suka koma icce da gawayi. 'Yan matan ajina suka fara shiga daji ta hanyar Zurmi neman icce, kuma kowa ya san waɗanda ke cikin dajin nan. Kai ka hana. Ka koya wa iyayensu gina murhun laka mai cin icce uku a girki. Filin bayan makaranta kuwa, ka sa aka bar kututturan kalgo da sabara suka tofo. Kowane tsiro ka ɗaura masa ƙyalle daga tsohuwar rigar makaranta, don mai gatari ya san akwai mai shi. Rassan da ka sassabe, su kake raba wa gidaje.

Da wata ƙungiya ta zo tana bayanin cewa masana'antun ƙasashen waje na biyan kuɗin hayaƙin da suke fitarwa, har ana ba masu rainon itatuwa wani abu daga ciki, dariya ka yi.

"Malama Lauratu," ka ce mini, "ashe hayaƙi ma ya yi farashi. Su ke turnuƙewa, mu ke tari. In sun biya, madalla. Ni dai kada ɗiyar kowa ta sake shiga daji."

Malam, tsoro nake ji. Ranar sadakar uku na bi ta filin, na tarar an sare itatuwa biyu, ƙyallayensu a ƙasa. Ban san wanda ya yi ba. Wataƙila mai gawayi ne, wataƙila uba ne da tukunyarsa ta kwana ba wuta. Ashe ba ƙyallen ake jin nauyi ba, kai ake jin nauyi. Idan filin nan ya ƙare, 'yan ajina Muhsina da Asabe da sauransu daji za su koma. Jiya Muhsina ta tambaye ni wa zai raba rassa bana.

Uwargidanka, Hajiya Balaraba, ta ba ni buhun ƙyallayen da ka bari. Gobe bayan tashi daga makaranta za mu fita da shi, ni da ajina. Ban iya irin ɗaurinka ba. Amma za mu ɗaura.

Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya sa inuwar da ka bari ta zame maka sadaka mai gudana. Hajiya Balaraba da 'ya'yanku, Hafizu da Asiya, Allah ya ba ku haƙuri. Ya Allah, ka tsare mana 'ya'yanmu.