Motar Kawu da ke mutuwa a hanyar Kabo

Sana'ata dillancin tsofaffin motoci da babura a Gwarzo, kuma tun da na fara nake gudun sayar wa ɗan'uwa mota. Baƙo in mota ta ba shi matsala, wurin bakanike zai nufa. Ɗan'uwa kuwa wurin mahaifiyarka zai nufa.

Duk da haka na sayar wa kawuna, ƙanin Innarmu, wata tsohuwar akori-kura. Manomin wake ne a Durun, ya gaji da jiran motar haya in zai kai kaya kasuwa. Motar ta tsufa amma injinta lafiya lau, ni da kaina na yi ta yawo da ita kafin in ba shi. Aibinta ɗaya na gaya masa tun farko: allurar mai ba ta aiki, sai dai ya zura kara a tanki ya duba.

Ba a jima ba Inna ta aiko a kira ni. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice tana ci gaba da tsince shinkafa.

"Kai, abin da ka yi wa kawunka ya yi kyau ke nan?"

"Me na yi masa, Inna?"

"Ka haɗa shi da gawa. Jiya a gaban surukansa aka tura shi. Mutumin da ya goya ka. Ka je ka karɓi abarka, kuma kada ka sake shigo mini gidan nan da tsaraba sai ka gyara tsakaninku."

Ledar lemo da na zo da ita, da ita na koma. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin Inna ba ta taɓa mayar mini da abu ba.

Washegari da hantsi na hau babur na tafi Durun. Na tarar da Kawu ya lulluɓe motar da tabarmi a gindin darbejiya. Bayan mun gaisa, mun tambayi gida da gona da dabbobi, sai ya fara karanto mini laifuffukanta. Tana tashi da safe ba gardama. Ta yi tafiya mai ɗan nisa, sai ta fara shaƙuwa, ta yi ta fizga, ta mutu. Wani bakanike a Kabo ya canza fulogi. Wani ya wanke kafireta. Na uku ya ce famfon mai ne, ya sa sabo. Kowannensu ya zagaya da ita bayan kasuwa ya dawo ya ce ta warke.

"A gabansu ba ta taɓa mutuwa ba," in ji Kawu. "Munafuka ce. Irin wanda ya sayar mini da ita."

Na yi kamar ban ji ba. Na ce ya tuƙa mu je Kabo, ina so ta mutu a gabana.

Ta kuwa yi mini biyayya. Mun wuce gonakin dawa, Kawu yana riƙe da sitiyari kamar mai riƙon garma, sai ta fara tari. Ya taka totur, ta yi gurnani, ta gangara gefen hanya ta yi shiru. Kawu ya naɗe hannu ya dube ni, fuskarsa cike da jin daɗi. Ban taɓa ganin wanda motarsa ta mutu yana murna haka ba.

Ni ba bakanike ba ne, amma wanda ya daɗe yana sayen motocin da masu su suka gaji da su dole ya san abu uku: inji yana son wuta, yana son mai, yana son iska. In ya ƙi tashi, ɗaya daga ciki ne bai samu ba. Na buɗe bonet. Kan batir a ɗaure yake, kuma da Kawu ya murza makulli injin ya juya da ƙarfi. Na zare wayar fulogi na kusantar da ita jikin ƙarfe, na ce ya sake murzawa. Wutar ta zo, har ta bi ta yatsana ta kai mini gwiwar hannu.

"Akwai wuta?" in ji Kawu daga ciki.

"Akwai, Kawu."

"Na ga alama."

Na cire tiyon da ke kawo mai kafireta. A bushe. Na ce masa ai babu mai a motar nan. Ya fito a fusace, ya ce shekaranjiya ya sha mai, kuma shi ba ya barin ko ɗigo ya ɓata. Na nufi tanki zan duba, ya riga ni.

"Tsaya, ba ka san ɗaurin ba."

Sai a lokacin na lura da bakin tankin. An naɗe shi da robar tsohon tayar keke, zagaye bisa zagaye. Kawu ya warware ta a hankali. Ƙarƙashinta leda ce ninki-ninki. Ƙarƙashin ledar murfi, an shafe gefensa da sabulu, ɗan ƙaramin hujin da ke samansa kuma an toshe shi da ƙaro. Da ya murɗa murfin, tankin ya ja iska da wani dogon tsaki, ƙarfensa ya yi ƙara ya koma daidai.

"Ka ji ko?" in ji Kawu. "Ka ji yadda yake neman gudu. Yi maza ka duba in rufe."

Na tambaye shi wa ya koya masa wannan. Ya ce ba wanda ya koya masa. Ranar da ya fara kwana da motar a gida ya ji warin fetur, kuma abin da hanci ya ji, ai ya bar tanki ke nan. Da tsadar man nan ba zai zauna yana ciyar da iska ba. Shi da yake rufe duron wake shekara guda ko ƙwaro ɗaya bai rayu a ciki ba, tankin mota ne zai gagare shi?

"Kawu, abin da ke kashe ƙwaron shi ke kashe motar."

Na yi masa bayani da abin da ya sani. In ka kafa baki a jarka kana zuƙar ruwa ba ka bar iska ta shiga ba, jarkar za ta lotsa, ruwan ya daina zuwa. Famfo yana zuƙar mai, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, sai ya kai inda ba ya iya ja. Duk sanda ya buɗe don zura kara, tankin ya sha iska, motar ta tashi. Bakanikan kuwa ba su taɓa yin nisan da za ta shaƙe ba.

Kawu ya ce wannan zancen dillalai ne. Na tsokale ƙaron da tsinke, na mayar da murfin shi kaɗai, na jefa ledar da robar a bayan mota. Bayan ta ɗan yi ja-in-ja ta tashi. Muka je Kabo, muka wuce, muka juyo, muka kama hanyar Gwarzo. Ko tari ba ta yi ba. Kawu kuwa sai leƙa kai waje yake yana shinshina iska, yana girgiza kai kamar mai zaman makoki.

Na ce tunda mun zo gari, mu shiga ya gaida yayarsa. Bai so ba, amma ba yadda zai yi.

Inna ta shimfiɗa masa tabarma, ni ta bar ni a tsugune. Ta tambaye shi ya aka ƙare.

"To, Yaya, motar dai lafiyarta ƙalau. Ashe numfashi take yi. Na gano haka yau a hanya. Shi yaron nan bai gaya mini ba da zai ba ni."

Na buɗe baki, na tuna abin da ya kawo ni, na rufe.

Inna ta juyo gare ni. "Kai ma da gajen bayani. Ka sayar wa mutum abu mai numfashi ba ka faɗa masa ba?"

"Na yi kuskure, Inna."

"Ba kawunka haƙuri."

Na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, yaro ne, ya yafe. Inna ta tura mini kwanon ɗanwake gabana, ta ce in matso kan tabarma, ƙasa da sanyi.