Butar Kasuwar Deptford

Asubar fari muka bar Kano, ni da mahaifiyata, za mu Landan ganin likitan ƙoda. Shekarata goma ina koyar da Turanci a sakandare, don haka na sauka daga jirgi ina ji da kaina.

A flat ɗin ƙanena muka sauka, can Abbey Wood. Maganar likita ɗaya ce: Inna ta riƙa shan ruwa da yawa, in ba haka ba ƙodar za ta tsaya. Inna kuwa ta kafe. In dai za a fita, ko kurɓa ba ta yi, wai ba za ta shiga banɗakin da ake tsarki da takarda ba. Kwana huɗu muna zaryar asibiti leɓenta a bushe. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Ran Juma'a na matsa mata ta sha kofi biyu, muka biya kasuwar Deptford sayen busasshen kifi da manja, masu tsadar tsiya. Ba a jima ba na ji ta matse hannuna. Fitsari ya matse ta. Na tambayi wani Bature mai kabeji inda banɗaki yake, da Turancina na littafi. Ya nuna da haɓa ya ce, "Bog's down there, love." Ban san kalmar ba, haɓar kawai na bi.

A ƙasan matakala muka tarar da mai kula da wurin, wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi. Kallo ɗaya ta yi wa Inna ta ce da Hausarsu, "Kawo shi nan, ruwa yana nan." Ta buɗe kabad ta ciro buta. Buta, a tsakiyar Landan!

Inna na ciki na tambaye ta ma'anar bog.

"Masai ne a bakin 'yan giya da leburori, wai wurin taɓo mai wari," in ji ta. "Masu kunya loo suke cewa, tsofaffi lav, tsoffin soja khazi. Akwai crapper da shithouse, su kam kashi ne tsirara a ciki. Wanda ya faɗa mini su ba na amsa shi." Ta nuna mini daɓen da ke ƙyalli. "Shekara tara ina nan. Ɗiyata, wannan ya yi kama da bog?"

Wallahi ya fi na asibitin tsafta.

Inna ta fito fuska a sake, matar ta cusa mata butar a jaka, wai tana da wata. A cikin tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, kafin mu kai masallacin Regent's Park, Inna ta shanye gora guda ba wanda ya roƙe ta. Bayan mako biyu likita ya sallame mu.

Mun dawo Kano lafiya, butar tana ɗakin Inna, ba mai taɓa ta. Ni kuma duk ajin da na shiga sai na faɗa musu da alfahari: malamar da ta fi koya mini Turanci a Landan Bahaushiya ce mai wanke masai, kuma ita ta sa uwata ta sha ruwa.