Folkert da Doguwar da Ta Fasa Rufi

Ranar Talata, goma sha huɗu ga Oktoba, da hantsi, yayata Aukje ta kira ni ta ce mijinta ya faɗi a bakin ɗakin gilashin da yake renon shuke-shuke, rai ya yi halinsa. Folkert, ka tafi aiki bai ƙare ba, kuma da kana nan kai za ka fara mita a kan haka.

Shekara ashirin ka yi kana fama da sativa, doguwar wiwin nan ta ƙasashen zafi mai siririn ganye da taurin kai. Tsawo kawai ta iya. Ba ta fure sai rana ta gajarta, kafin ƙwayarta ta nuna sanyin yankinmu na Friesland, a arewacin Holan, ya gama da ita. Kai kuma ka dage sai ka haɗa ta da gajera mai saurin nuna, don masu ciwon jijiya irin mahaifiyarka su samu maganin da ba zai kwantar da su wuni guda ba. Duk wanda ya zo maka da ciwo, sai ka zaunar da shi, ka zuba masa kofi, ka saurare shi har ya gaji don kansa.

Bana haɗin ya kama. Amma doguwar, uwar haɗin, ta yi ta miƙewa har ta tokare rufi, kuma can ƙololuwa ƙwayar take. Maimakon ka sare mata kai, sai ka cire gilashi biyu daga rufin ta leƙa waje. Aukje ta daɗe ba ta yi maka magana ba.

Jiya muka binne ka. Muna dawowa daga coci rediyo ya ce sanyi mai ƙanƙara zai sauka da daddare. Ɗanka Hidde ya ɗauko almakashi.

"Kawu, a datse doguwar nan a mayar da gilashin, in ba haka ba duk sauran shukar za ta mutu."

Na ce, "Ƙwayar fa ɗanya ce shar. Ka datse ta yau, shi ke nan."

"To ya zan yi? Ita ta cinye mana shi!"

Tsoro ya kama ni, don gaskiya ya faɗa. Sai ga Aukje cikin baƙaƙen kayanta, rungume da bargon gadonku.

"Riƙe min tsani."

"Mama, za ki faɗo!"

"Ubanka ya fi ni nauyi. Riƙe, na ce."

Ta hau, ta lulluɓe kan doguwar, ta toshe kafar rufin. Da ta sauko ba ta kalli kowa ba.

Yau da safe mun duba, doguwar tana da rai, amma ƙwayar na nan kore, kuma an ce sanyin gobe zai fi na jiya.

Allah ya jiƙanka, Folkert, ya yafe maka, ya ba ka hutu. Aukje, Hidde, Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Ya kuma jinkirta mana sanyin nan kaɗan.