Huji a Jikin Sarauniyar Tafki

A kudancin Milwaukee, in ka ce Bernadette Sobczak sai a tsaya tunani, in ka ce Bernie mai finbol sai a nuna maka gidan. Gajeriyar mace ce kakkaura, ta ƙare aikinta tana dafa wa yaran makaranta abinci, muryarta kuwa ta saba ratsa hayaniyar ɗakin cin abinci, har ko gaisuwa take yi sai ka ɗauka faɗa ne. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'ya sun watsu garuruwa. Gidan ya rage daga ita sai injinan wasan ƙwallon ƙarfe, wato finbol, da ta cika ɗakin ƙarƙashin ƙasa da su, kowanne a tsaye kan ƙafafunsa huɗu, gilashi na sheƙi, fitilu na ƙifce.

A mashayar mahaifinsu abin ya kama ta, tun tana yarinya. Akwai wani inji a lungu, Sarauniyar Tafki, da hoton mace cikin kwalekwale a gilashinsa na tsaye. Yayanta Kaz ne sarkin wannan lungun. Shi ya ɗora ta kan akwatin kwalabe, ya aza mata hannu ɗaya a maɓallin dama, ɗaya a na hagu, ya nuna mata yadda kowane maɓalli ke ɗaga fiffikensa ya bugi ƙwallon ƙarfen ya mayar da shi sama.

"Fiffike ɗaya a lokaci ɗaya," in ji shi. "Duk wanda kika ga yana kaɗa biyun tare, tsoro yake ji."

Shi ya kuma koya mata tunkuɗa injin da ƙugu don ƙwallon ya sauya hanya. Amma akwai wani ɗan lilo na ƙarfe a rataye a cikinsa, in ka zafafa tunkuɗar sai ya taɓa zobensa, fitilu su mutu, wasa ya ƙare. Kaz ya san iyakar haƙurin ɗan lilon nan fiye da yadda ya san na matar da ya aura daga baya, shi ya sa auren bai je ko'ina ba.

Da mahaifinsu ya rasu aka sayar da mashayar, Sarauniya ta ɓace. Kaz ya ci gaba da tuƙin motar burodi da buga wasa duk inda ya ga inji. Bai taɓa riƙe sukundireba don gyara ɗaya ba, wai shi ɗan wasa ne, ba bawan inji ba. Ita kuwa Bernie gyaran ne ya ja ta. Ta fara da wani matacce da ta samo a shagon wanki, ta ƙona yatsu da dalma, ta sha jan wuta har ta daina ƙirgawa, ta koyi bin waya ɗaya cikin damin wayoyi kamar mai tsefe kan yarinya. Daga nan sai na biyu, sai na uku, har injin wankinta ya rasa wurin tsayawa.

Sarauniya kuwa, Bernie ta same ta ne a rumbun wani manomi can arewa, ɓeraye sun yi gida a cikinta. Bernie ta durƙusa ta duba ƙafar gaba ta dama, ta ga loɓawar da takalmin Kaz ya yi mata tun suna yara, sai ta zauna a kan ciyawa ta yi kukanta, manomin yana tsaye yana sosa ƙeya. Abin da ya fi ba ta mamaki, fentin gefunan akwatin yana nan yadda ya fito daga masana'anta, shuɗi da fari, ko ƙwarzane babu.

To, masu wannan sha'awa suna da dokarsu, ba a rubuce take ba amma ta fi rubutacciya ƙarfi. Ka sauya roba, ka sauya ƙwan fitila, ka sauya waya in ta ruɓe. Jikin akwatin dai ba a taɓa shi. Wanda ya huda akwati mai fentin asali, ko bayan ya mutu da wannan za a riƙa tuna shi. Mai gadin dokar a unguwar shi ne Duane Halvorsen, tsohon mai gyaran lantarki, dogo siriri, wanda yake wanke hannu kafin ya taɓa inji amma ba ya wankewa kafin ya ci abinci. Duk Juma'a, bayan an ci soyayyen kifi, shi da sauran sukan sauko ɗakin Bernie, kuma a gaban Sarauniya Duane yakan rage murya kamar ya shiga coci. Shekaru Bernie ta yi tana gyaranta, kuma an gama magana cewa da bazara za a kai ta babban baje kolin Chicago.

Kafin bazarar ne ɓarin jikin Kaz na hagu ya shanye. Da aka sallame shi daga asibiti Bernie ta kafa masa gado a falonta, don 'yarsa Renata tana nesa, ga aiki ga yara. Bakinsa ya dawo, ƙafar ma likita ya ce za ta iya ɗaukarsa in ya yi ƙoƙari. Hannun hagun ne ya tafi. Sai Kaz ya zauna a kujera gaban talabijin ya ƙi tashi. Matar da ke zuwa motsa masa jiki ta yi lallashi ta gaji, ta ja Bernie kicin ta faɗa mata gaskiya: in bai fara tsayuwa ba, ƙafar mai lafiyar ma za ta bi 'yar'uwarta. Renata kuma ta ce in dusar ƙanƙara ta narke bai miƙe ba, gidan kula da tsofaffi za ta kai shi, don Bernie ba za ta iya ɗaga ƙato irinsa ba. Bernie ta san yarinyar ba ta yi ƙarya ba, abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

"Yaya, tashi ka taka ko zuwa taga ne."

"Me ke tagar? Motar Duane? Na gan ta jiya, ba ta ƙara kyau ba."

"Haka za ka zauna har ka yi saiwa?"

"In na yi ki riƙa ba ni ruwa."

Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da mijinta ya faɗi. Wata Juma'a, ana wasa a ƙasa, ta hau kawo masa shayi. Ƙararrawar Sarauniya na ratso daɓen falon, idonsa na kan talabijin kamar bai ji ba, amma yatsansa na dama na bugun hannun kujera daidai lokacin da ya kamata a buga. Ta ajiye shayin, ta koma ƙasa ta ce wa maza su ajiye kofunansu, akwai ɗauka.

Hawa da injin finbol ta matattakalar gidan Bernie ba aikin masu furfura ba ne, amma masu furfura ne kawai a wurin. Aka cire kan injin mai gilashin tsaye, aka kwance ƙafafu, aka naɗe akwatin da barguna, Duane na bin su yana roƙon a yi hankali da fenti kamar uwar amarya. Aka kafa Sarauniya a falo inda teburin cin abinci yake, teburin ya koma gareji.

Saura maganar hannu. Maɓallin hagu yana can gefen hagu, Kaz kuwa ba shi da abin da zai kai can. Duane ya ce wannan mai sauƙi ne, ba sai an taɓa katako ba: ya haɗa wayoyin ta ciki, maɓallin dama shi kaɗai ya riƙa ɗaga fukafukan biyu tare. Bernie ta yarda, don ita ma zuciyarta ba ta son jin zancen huji. Nan ta yi wauta, kuma ya kamata a ce ta fi kowa sani.

Suka turo kujerar Kaz gaban injin. Ya ɗan jima yana kallon matar cikin kwalekwale, sannan ya miƙa hannu daga zaune ya ja sandar harbi, ƙwallon ya tafi. Da ya gangaro ya danna maɓallin, fukafukan biyu suka ɗaga tare, fat. Ya cire hannunsa ya bar ƙwallon ya wuce ta tsakiya.

"Mayar da ni gaban talabijin."

"Kaz, ai haka ma ana bugawa," in ji Duane.

"Ana bugawa. Jikokinka ma haka suke yi." Ya juya ga ƙanwarsa. "Ke ma, Bernie? Ke da na koya wa?"

Ba ta taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Kwana biyu ba ta ce masa komai a kan injin ba, shi ma bai ko kalli wajen ba. A rana ta uku da safe ta zo da zare, ta kama hannunsa na dama ta buɗe, ta auna tsakanin manuniya da ɗan yatsan tsakiya.

"Me kuma kike aunawa?"

"Akwatin gawarka, tunda ka matsu."

"Ki sa a yi shi da faɗi. Na gaji da matsi a gidan nan."

Ta kira Duane ta ce ya zo da injin hujinsa da sabon maɓalli. Yana shigowa ya ga ta liƙa tef a gefen dama na Sarauniya, ƙasa kaɗan da maɓallin asali, ta ɗiga alama da fensir. Ya ajiye jakarsa a hankali.

"Bernie, ki tsaya mu yi magana. Ina da wani tsohon akwati a gareji, duk ya ci duniya. Ki huda shi yadda kike so, ni zan kawo miki har falo."

"Ba a kan wancan ya koya mini ba."

"To ki bari a dawo daga Chicago. Wata nawa ne? Irin wannan da fentinta na asali, ni dai ban san wata ba."

"Kaz ma ban san wani irinsa ba. Kuma ba zai kai lokacin Chicago ba in na jira."

"In kin huda, kin huda ke nan. Ba a mayarwa."

"Na sani, Duane. Ni na goge ta da auduga, ba kai ba. Miƙo."

Bai miƙa ba, bai kuma hana ta ɗauka ba. Ya je taga ya tsaya ya ba ɗakin baya. Renata ta zo gari ta kai Kaz asibiti a ranar, don haka daga su biyu sai matar cikin kwalekwale. Bernie ta ɗora bakin ƙarfen a kan alamar, ta sauke, ta share tafin a siket, ta sake ɗorawa. Tana son injin nan, ba ta ɓoye wa kanta ba, kuma ta ji zafin abin tun kafin ta danna. Ta danna. Garin katako fari ya zubo kan kafet, da ɗan shuɗi a cikinsa.

Da ƙarar ta tsaya Duane ya juyo ya dubi hujin, ya yi ajiyar zuciya. Sannan ya tuɓe rigar sanyinsa.

"Matsa. Wayar dai ba zan bari ki haɗa ta yadda kika saba ba."

Da yamma aka dawo da Kaz. Bernie ba ta ce masa ga abin da ta yi ba, ta dai tura kujerarsa ta gefen dama na injin ta bar shi nan, wai za ta duba tukunya. Daga ƙofar kicin ta ga ya kai hannu ya shafa sabon maɓallin. Ya danna na sama, fiffiken dama ya ɗaga shi kaɗai. Ya danna na ƙasa, na hagu ya amsa. Ya waiwaya wajen kicin.

"Bernie."

"Na'am."

"Kin huda injin Baba?"

"Na huda."

"Duane ya sani?"

"Da injin hujinsa na yi."

Ya sake shafa wurin, ya daɗe yatsansa na kai.

"Ya ɗan karkace."

"Hannunka ne a karkace. Ka buga ko ka ba mutane wuri."

Ya harba daga zaune, amma daga kujera ba a ganin saman filin, hasken gilashi kawai yake gani. Ƙwallo na farko ya wuce, na biyu ya bi shi. Ya yi tsaki. Ya kama ƙarfen gaban injin da hannunsa mai lafiya ya ja, kujerar ta yi baya, Renata ta zabura za ta riƙe shi, Bernie ta damƙe mata hannu. Ya tashi rabi ya koma. Ya sake ja, fuskarsa ta yi jawur, ƙafar hagun na kakkarwa, har ya miƙe ya jingina cikinsa da Sarauniya yana haki.

Ya harba na uku. Yatsu biyu a kan maɓalli biyu, abin bai zauna masa ba tukuna, amma ya tare ƙwallon da fiffiken hagu, ya riƙe shi, ya aika shi sama, ƙararrawa ta ɗauka. Da ƙwallon ya nufi ramin gefe, tsohon hali ya motsa, ya kai wa injin ƙugu. Ya zafafa. Fitilu suka mutu gaba ɗaya.

Renata na kuka a bakin ƙofa. Kaz bai waiwaya ba, bai kuma nemi kujerarsa ba.

"Wa ya matse ɗan lilon nan haka? Aikin Duane ne."

"Yadda Baba ya bar shi yake. Kai ne ka tsufa."

"Kunna mini wani."

Bernie ta zo ta danna masa sabon wasa, ta ja kujerar da ƙafa ta tura ta can jikin bango. Chicago kuwa, da bazara ta zo, wani injin aka kai.