Lamba Ɗaya Tsakanina da Fergus

Fergus Dunstan ɗan mai askin tumaki ne daga garin Charleville. Da tuƙin ƙaramin jirgin sama ya fara, yana kai wasiƙu da magani gonakin shanu. Mutum ne mai fara'a, kowa nasa ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ni da shi rana ɗaya wani kamfanin jirage a birnin Brisbane ya ɗauke mu aikin tuƙi. A sana'armu ba gwaninta ake dubawa ba. Ranar da ka shigo ita ce lambarka, lambar kuma ita ke raba hutu da hanya da kujerar hagu ta kyaftin. In mutum biyu suka shigo tare, babba a shekaru ne gaba. Fergus ya girme ni da 'yan makonni. Shi ke nan fa, na shiga uku!

Ranar Kirsimeti yana bakin teku yana gasa nama, ni ina sama. Gurbin kyaftin ya samu, shi aka ba. "Haƙuri, ƙanena," in ji shi, "da ka yi sauri wajen haihuwa." Wallahi kamar in shaƙe shi.

Kishi ya sa na koma wani kamfanin, alhali na san ƙa'ida: wanda ya sauya kamfani daga ƙarshen layi yake farawa, ko da furfura ta cika masa kai. Na sha wuya shekara da shekaru kafin na zama kyaftin.

Kwatsam kamfanin su Fergus ya durƙushe, ya dawo namu. Wata safiya na shiga jirgi, sai ga Fergus a kujerar dama, mataimakina, sabon shiga.

"Barka da asuba, Kyaftin," ya ce, ko a jikinsa.

"Ka duba mai, yaro," na ce. Na ji daɗi har cikin raina. Amma ma'aikatan jirgi shi suke fara kawo wa shayi, in ya saukar da jirgi kuma fasinja har tafi suke yi.

Ana nan sai Fergus ya kawo shawara a taron ƙungiyar matuƙa jirgin sama: a yi layi ɗaya ga dukkan kamfanoni, a riƙa ciniki da su da murya ɗaya, kowa ya tafi da shekarun aikinsa duk inda ya koma. Na yi lissafi. Shekarun da na zubar za su dawo mini, matasa ba za su sha abin da muka sha ba. Sai dai Fergus zai koma gabana da lamba ɗaya, har mu yi ritaya.

Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Na cije leɓe, na ɗaga, don gaskiya ce ya faɗa. Na waiga gefe. Nasa hannun tuni yana sama.

Ko a nan ma ya riga ni.